An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Malamin Kwaya da Manhajar Bulokcen

Makonni kaɗan da suka wuce aka gayyace mu wani zama a jami'a, inda wasu kamarad huɗu masu karatun kwamfuta suka gabatar da aikin da suke son kai wa gasa. Manhaja ce ta waya. Wai malaman firamare za su riƙa zuba takardun shirya darasi a ciki, abin da malamanmu ke kira fish, kowa ya ɗauki na kowa. Har nan babu mai ja. Sai mai bayani ya gyara tsayuwa ya ce sirrin abin shi ne an gina shi a kan bulokcen. Ya lissafo fa'ida huɗu: in fish ya shiga ba mai iya canza shi, za a san ainihin wanda ya rubuta shi, duk wanda aka ɗauki nasa zai samu kwabon intanet, kuma babu wani babba da zai riƙe abin a hannunsa shi kaɗai. Aka yi tafi raf-raf. Da aka tambayi inda za a fara gwaji, sai ya haska taswira ya ce karkarar Magarya da Dungas, har ya ambaci Kwaya.

Nan ne abin ya taɓa ni. Yayana a wata makarantar ƙauye ta komin ɗin Kwaya yake koyarwa, kuma na sha zama a bayan ajinsa duk lokacin da jami'a ta rufe su ba su rufe ba. Ban samu damar magana ba a zauren, lokaci ya ƙure. To ga maganar a rubuce. Kamarad ɗin nan abokaina ne, tare muke shan shayi, kuma na san sun fi ni iya na'ura nesa ba kusa ba. Amma wannan aikin nasu kuskure ne tun daga tushe, kuma in aka ba shi kuɗi, kuɗin wani abu mai amfani ne zai cinye.

Mu fara da mene ne bulokcen ɗin, don rabin waɗanda suka yi tafi, wallahi in ka tsare su ba za su iya faɗa maka ba. Ka ɗauka littafin bashi ne na mai shago. Maimakon ya zauna a hannun mutum guda, sai aka yi kwafinsa a kwamfutoci da yawa, kowane shafi an buga masa hatimin lissafi da ya ɗaure shi da shafin da ya gabace shi. In ka goge layi ɗaya a baya, hatimin duk shafukan da ke gaba zai lalace, sauran masu kwafi su gane. An fito da dabarar a 2008, a wata takarda da wani mai ɓoyayyen suna, Satoshi Nakamoto, ya watsa, kuma a Janairun 2009 kuɗin Bitcoin ya fara aiki da ita. Matsalar da aka so magancewa guda ce: yaya mutanen da ba su san juna ba, ba su yarda da juna ba, kuma ba su son banki a tsakani, za su hana mutum kashe kwabo ɗaya sau biyu? Wato a hana kwafin abin da bai kamata a kwafa ba.

To fish ɗin darasi kuɗi ne? In Yaya ya ba maƙwabcinsa fish, nasa bai ragu ba. In malamai ɗari suka kwafe shi, an ci riba ke nan, abin da ake nema tun farko ke nan. Kuma malaman Kwaya da Bande da Yekuwa ba baƙin juna ba ne masu tsoron damfara. Makarantar horo ɗaya da yawansu suka yi, anspekta ɗaya ke zagaya su, suna haɗuwa a taron ƙara wa juna sani da ake kira CAPED, suna haɗuwa a biki da jana'iza. An ɗauko maganin wata cuta an kawo wa wanda ba ita ke damunsa ba.

Yanzu mu bi fa'idodin nan huɗu ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko, wai ba a iya canza fish. Duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san fish ɗin da ba a canzawa mataccen fish ne. Ga misali da na gani da idona. Yaya ya karɓi wani fish na lissafin kuɗi daga hannun abokin aikinsa, na ajin CE1. A ciki an ce yaro ya sayi kaya na faran 100, ya ba da 500, nawa ne canjinsa? Malamin da ya rubuta ya fassara 100 da “ɗari”. Ai kuwa aji ya rikice. Don yaron Kwaya in ya ji “ɗari” a maganar sefa, dala ɗari yake ji, wato faran 500. Faran 100 a bakinsa “dala ashirin” ne, faran 1000 kuma “jika”. Ga kuma naira da ke yawo a kasuwannin bakin iyaka, inda ɗari take ɗari cif. Yaro ɗan shekara takwas yana riƙe da lissafi iri uku a kansa, kuma a kasuwa ba ya ɓata ko ɗaya. Sai a aji ne aka mai da shi daƙiƙi saboda kuskuren fassara. Sau uku Yaya ya gyara wannan fish kafin ya zauna, kuma baɗi in ya samu wasu yaran zai sake taɓa shi.

Na san amsar kamarad: ai ana iya ɗora sabon fish a kan tsoho, tsohon dai ba ya gogewa. To madalla. Ke nan malamin da ya buɗe manhaja zai tarar da fish huɗu na darasi ɗaya, uku masu kuskure, ɗaya gyararre. Wa zai ce masa ga daidai? Dole wani mutum mai ilimin abin ya duba ya sa hannu. In kuwa an koma ga mutum mai sa hannu, me hatimin lissafi ya ƙara? Ya dai tabbatar mana cewa kuskuren nan zai rayu har jikokinmu su gan shi.

Ta biyu, wai za a san wanda ya rubuta. Na'ura ba ta san wanda ya rubuta ba, wanda ya fara ɗorawa ta sani. A makarantun karkara, masu fish mafi kyau galibi dattawan malamai ne da suka shekara ashirin suna gyara kaye ɗaya da jan bik, kuma yawancinsu ƙaramar waya mai maɓalli ce a aljihunsu. Sabon malami mai babbar waya ya ari kayen dattijo, ya ɗauki hoto, ya ɗora da sunansa. Daga ranar, littafin da ba ya gogewa ya shaida cewa yaron ne marubuci. Dattijo ya je ya kai ƙara wurin wa, tunda an ce babu babba? Ban da wannan ma, fish nawa ne mallakin mutum guda? Mafi yawansu daga littafin jagoran malami na ma'aikatar ilimi da littattafan INDRAP aka tsamo su, aka ƙara abin da aka ji a CAPED, aka ƙara dabarar wani mushe da ya koyar da kai tun kana CM2. Aikin gayya ne, kamar noman gandu.

Ta uku ita ce ta fi ba ni tsoro, kwabon intanet. Mu matasa ba sai an ba mu labari ba. A 2024 wa bai ga ƴan uwanmu sun kwana suna dangwalar waya a Hamster Kombat ba, ana sayen mega da kuɗin abinci, ana lissafin motar da za a saya? Da aka raba kwabon a Satumba, mutane da yawa abin da suka samu bai mai da kuɗin megan da suka ƙona ba. A matakin ƙasa ma an gwada. Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ta mai da Bitcoin kuɗin hukuma a Afrilun 2022, ta ƙaddamar da nata kwabon mai suna Sango a Yuli, kafin shekara ta zagayo, a Maris 2023, majalisarta ta janye wa Bitcoin wannan matsayi. Kwabon intanet ba ya da daraja sai in akwai mai saye. Wa zai sayi kwabon fish? Wani malamin ɗan kwantaragi, wanda shi ma jiran pekil ɗinsa yake? Kuɗin da ba a shigo da shi daga waje ba, daga aljihun wani malami zai fita ya shiga na wani, a cire na masu manhaja a tsakani.

Kuma ku duba abin da zai yi wa halin mutane. Yau in sabon malami ya sauka a ƙauye, na da ke wurin zai miƙa masa kayensa ya ce kwafa, ba ko dala. Ranar da aka ce kowane fish kuɗi ne, ranar zai fara ɓoye kayen. Mai wayo kuma zai ga cewa yawa ake biya, sai ya zuba fish hamsin a dare ɗaya, kwafe daga littafi ko daga manhajar nan mai rubuta wa mutum abin da ya tambaya, ba tare da ya gwada ko ɗaya a gaban yara ba. Sannan ga maganar mabuɗin sirri. A wannan tsari in ka ɓatar da mabuɗinka, shi ke nan, babu ofishin da za ka je. Akwai wani mutumin Birtaniya da faifan kwamfutarsa mai ɗauke da mabuɗin Bitcoin kusan 8,000 ya tafi juji a garin Niwfot a 2013, ya shekara sama da goma yana neman izinin tone jujin bai samu ba. Shi masanin kwamfuta ne. Ina ga malamin da wayarsa ke kwana a shagon mai caji, ta faɗa ruwa da damina, ko a sayar da ita in ciwo ya kama iyali?

Ta huɗu, wai babu babba. Na tambayi ɗaya daga cikinsu daga baya, a wurin mai shayi: kwamfutocin da za su riƙe kwafin littafin, na wa ne? Ya ce da farko dai nasu ne, guda uku, za su yi haya a wani kamfani na waje. Na ce fish ɗin kansa, da hotuna da zane, a cikin sarƙar zai zauna? Ya ce a'a, ya yi nauyi kuma da tsada, hatiminsa kawai za a sa, shi fish ɗin yana rumbun kwamfuta na daban. To jama'a, ku ji fa. Fish yana rumbu ɗaya, rumbun yana hannun mutum huɗu, hayar ana biyanta da kuɗin gasa. Ranar da kuɗin gasa ya ƙare, hatimi zai rage yana nuna wurin da babu komai. Babba yana nan, an dai canza shi ne daga anspekta da muka san ofishinsa a Magarya zuwa wani kamfani da ba mu san ƙofarsa ba. Kuma makarantar gwamnati dama da babba take tafiya. Manhajar karatu daga ma'aikata take zuwa, kuma fish ɗin da malami zai koyar da shi sai direkta ya duba ya sa hannu. Mai son ya canza wannan, siyasar ilimi zai shiga, ba a canza ta da lissafin hatimi.

Da dare na kira Yaya. Sai a kira na uku ta shiga, ya ce ya fito bayan gari ne inda rezo ke kamawa. Na kwashe bayani na faɗa masa. Ya yi dariya ya ce, “Auta, ka ce musu na gode. Amma in da gaske suke, su fara aiko mini da littafin karatu na Hausa ko guda goma, yara suna zama biyar a kan ɗaya. Kuma ajina na zana ne, sai an gama girbi muke samun karan da za mu kafa shi.” Ba shi kaɗai ba ne. Hukumomin ƙasar nan da bakinsu sun ce ajujuwan zana sun kai wajen 36,000. A Afrilun 2021 gobara ta cinye irin waɗannan ajujuwa a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara kusan 20 suka rasu. A Nuwamban shekarar aka sake yi a Maraɗi, yara sama da 20. Wutar lantarki kuma, ko a birni mun ga abin da ya faru da Najeriya ta yanke layin da ke ba mu wuta a Agustan 2023, aka yi watanni ana fama. Manhajar da ke bukatar rezo kafin ta tabbatar da kowane shafi, a irin wannan wuri za a gwada ta?

Amma kada a ce na fake da talauci. A ce gobe an wayi gari kowane ƙauye na Magarya da Dungas yana da pano da rezo mai ƙarfi. Matsalar da ta fi girma tana nan, kuma ita ce fannin da nake karanta. Me za a zuba a cikin manhajar, kuma da wane harshe?

Yaron Kwaya yana shiga CI da Hausa a bakinsa, wani da Fulatanci. Ranar farko a tare shi da Faransanci, harshen da bai taɓa ji ba sai a rediyo. Ana so ya koyi karatu kuma ya koyi sabon harshe a lokaci ɗaya, daga bakin malamin da shi ma sau da yawa Faransancin bai zauna masa ba. Sakamakon ba ɓoyayye ba ne. A binciken PASEC na 2014, yaranmu na ƙarshen firamare da suka kai matakin da ake so a karatu ba su kai 10 cikin 100 ba, mu ne na ƙarshe a ƙasashe goma da aka auna. A 2017 da aka yi wa malamai ƴan kwantaragi jarrabawa, mafi yawansu ba su samu rabin maki ba. Aka yi ta zagin malamai, kamar su suka ɗauki kansu aiki ba horo.

Abin haushin shi ne mun san maganin tun kafin a haife mu, kuma a nan Damagaram aka fara shi. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Zinder, inda yaro ke fara karatu da Hausa sannan a shigo masa da Faransanci sannu a hankali. Daga baya aka faɗaɗa zuwa Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak da Barbarci. Binciken da aka yi a kan waɗannan makarantu ya nuna yaransu sun fi na makarantun Faransanci zalla fahimtar karatu. Dokar ilimi ta 1998 ta amince da koyarwa da harsunan ƙasa, dokar 2001 ta lissafa harsuna goma, kundin da aka fitar a Maris 2025 kuma ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Takarda kan takarda. Shekara hamsin da ɗoriya ana kiran abu gwaji. Yau in aka ce wa Yaya ya koyar da lissafi da kimiyya da Hausa daga CI har CM2, ina littattafan, ina fish ɗin, ina kalmomin?

Ku ɗauki kalmomi kawai. Wani malami ya ce “ɗebewa”, wani “cirewa”, wani “ragewa”, duk abu ɗaya suke nufi. Yaro ya canza aji, ya ɗauka sabon lissafi ne. A Najeriya masana sun fitar da ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa tun 1990, a nan kuma Abdu Mijinguini ya yi ƙaramin ƙamus na Hausa zuwa Faransanci, amma malamin ƙauye nawa ne ya taɓa riƙe ɗayansu? Sai rubutu. Tun taron Bamako na 1966 aka zauna a kan haruffan harsunanmu, a 1999 kuma ma'aikatar ilimi ta ƙasar nan ta tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa. Duk da haka ku buɗe wayar kowane ɗayanmu ku gani. Wani ya rubuta “kuɗi”, wani “kudi”, wani “koudi” irin na Faransanci. Wani “ciniki”, wani “tchiniki”. Mu nan muna rubuta “ƴan”, a Kano suna rubuta “'yan”, mai gaggawa ya rubuta “yan”. Wanda bai sa lanƙwasa ba ya haɗa “baki” da “baƙi”, “kafa” da “ƙafa”, “daka” da “ɗaka”. Babba yana gane nufi daga jimla. Yaron da ke koyon haɗa baƙi da wasali ba ya ganewa, kuma na'ura ma ba ta ganewa. Malamin da ya nemi darasin “kuɗi” a manhajar kamarad ba zai ga wanda aka ajiye da “koudi” ba. Na tambaye su ko sun yi tunanin wannan. Shiru. Sun shafe wata uku a kan hatimi, ba su ba haruffa huɗu masu lanƙwasa ko awa ɗaya ba.

Za a ce ni mai ƙin ci gaba ne. To a duba tarihin ƙasar nan. A 1964 aka fara talabijin na makaranta a Nijar da taimakon Faransa, abin da duniya ta zo kallo. Aka sa akwatin talabijin a ajujuwa ashirin da ƴan kai, aka ɗauki matasa masu ƙaramin karatu su tsaya a gaban yara, darasi yana zuwa daga Yamai, da Faransanci. Shirin bai taɓa kai ga yawancin yaran ƙasa ba, kafin 1980 an naɗe tabarmarsa. Kodebuwa ta yi irinsa da ya fi girma daga 1971, ta rufe a 1982. A 2005 aka zo da kwamfutar dala 100 ta kowane yaro. Ƙasar Peru ta sayi dubban ɗaruruwa, binciken da aka fitar a 2012 a makarantu sama da 300 bai ga ƙarin komai ba a lissafi da karatu. Shi kansa bulokcen, a 2018 wasu masu binciken ayyukan raya ƙasa su uku sun bi sawun ayyuka 43 da aka ce an yi da shi, ba su samu shaidar sakamako ba ko a guda. Manyan kamfanoni biyu, Maersk da IBM, sun gina nasu na jigilar kaya a teku, suka sanar da rufe shi a ƙarshen 2022. In masu jiragen ruwa da biliyoyi sun ajiye, mu da kuɗin gasa za mu ɗauka?

Mutumin da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, Abdu Mumuni, ɗan Tasawa, ai ba maƙiyin na'ura ba ne. Masanin kimiyya ne da ya ba da rayuwarsa ga binciken hasken rana, ya shugabanci ofishin ONERSOL. Shi ne kuma a 1964, shekarar da aka kunna talabijin ɗin can, ya fitar da littafi a kan ilimi a Afirka yana kare koyarwa da harsunanmu. Ya san na'ura, ya kuma san abin da ya kamata ya riga ta.

Wani zai ce ai Habasha ta yi. E, a Afrilun 2021 an sanar da yarjejeniya tsakanin ma'aikatar iliminta da kamfanin da ya gina Cardano, don ɗalibai miliyan 5. Amma ko a takardar sanarwar, maganar shaidar ɗalibi ce da makinsa. A can aƙalla akwai hujja, don takardar shaida abu ce da ake jabunta, kuma ba a so ta canza. Fish kishiyar haka ne. Wani kuma, cikin su huɗun, ya faɗa mini gaskiyar da ta fi duka: “Kamarad, in ba mu sa kalmar bulokcen ba, alƙalan gasa ba za su kalle mu ba.” Na yaba masa da bai ɓoye ba. Amma ke nan manhajar don alƙalai aka yi ta, sunan Kwaya kuma ado ne a taswira. Zanen aro ba ya rufe katara. In an ci gasa an ɗauki hoto, malamai talatin za a tara a ba su horo na kwana biyu da kuɗin zama, bayan wata shida manhaja ta daina buɗewa, kuma malamin da aka yi wa haka sau ɗaya ba zai sake yarda da ɗan jami'a ba ko da abin kirki ya zo.

To me nake so a yi? Raba fish abu ne mai kyau, kuma malamai suna yinsa tun kafin mu zo: da kaye, da fotokopi, da hoton WhatsApp, da Xender in an haɗu, wanda ba ya cin mega ko ɗaya. Abin da ya rage aiki ne mai gajiyarwa wanda ba a tafa masa. A je CAPED ɗaya, da izinin anspekta, a roƙi malamai fish ɗinsu mafi kyau na CI da CP, karatu da lissafi. Mu ƴan nazarin harshe mu buga su da rubutu bisa ƙa'ida, da ƙ da ɗ da ɓ da ƴ. Mai ba malamai shawara da dattawan malamai biyu su duba, su tsayar da kalma ɗaya ga kowane abu, a jera kalmomin a shafi biyu na ƙarshe. Kowane fish a rubuta sunan mai shi da makarantarsa a sama, da ranar da aka gyara shi, da layi guda cewa kowa na iya kwafa ya gyara muddin ya ambaci mai shi. Ga shaidar mallaka ke nan, kuma dattijo mai ƙaramar waya ya samu tasa. A fitar da shi kashi biyu: ƙaramin fayil da zai shiga katin waya, da kuma takarda, irin wannan da ke hannunku, don takarda ba ta neman caji. A haɗa da muryar wani gwanin malami yana karanta darasin, saboda malamin da aka turo daga Doso ko Tilaberi wanda Hausarsa ba ta nuna ba. Bayan zango ɗaya a koma a tambaya wanne ya yi aiki, a gyara. Sannan a nemi masu Fulatanci su yi nasu.

Ƴan kwamfuta kuma aikinsu yana nan jibge. Ku yi mana manhaja mara nauyi da ke buɗewa ba rezo, irin yadda Kiwix ke buɗe Wikipedia ko Kolibri ke buɗe darussa ba intanet. Ku koya mata cewa “kuɗi” da “kudi” da “koudi” abu ɗaya ne in ana nema, amma ta nuna daidai in ana karantawa. Ku sa ta riƙa wucewa daga waya zuwa waya, ta gane sabon gyara ta maye tsoho da shi. Ku sa ta gyara rubutun mai bugawa. Wannan ya fi hatimi wuya, na sani, don babu wanda ya riga ya yi muku shi ku kwafo. Shi ya sa ya cancanci ƙwaƙwalwarku.

Mu a ƙungiyarmu ta marubuta mun yi magana, mutum shida sun ce za su ba da yammacin Asabar don bugawa da gyaran rubutu. Yaya ya ce zai kai maganar CAPED ɗinsu na gaba, kuma ya yarda a fara da kayensa, har da fish ɗin dala mai gyara uku. Kamarad huɗu, gayyata ce a buɗe. Kafin ku cika takardar gasar nan, ku zo mu hau motar Magarya tare, ku kwana biyu a ƙauyen, ku zauna a bayan aji ku ji yadda ake koyar da faran 100. Ku zo da cajar wayarku cike, kuma ku taho da alli kwali ɗaya, ya ce nasu ya kusa ƙarewa.